Tad Fati Ko Cikakkiyar Inshora: Wacce Ta Dace Da Motarka?

Shekara uku cur ina yawo da takardar inshora a aljihun gaban mota ban taɓa warware ta na karanta ba. Tana cikin leda ɗaya da sauran takardun mota. Idan an tsayar da ni a hanya sai in zaro ledar gaba ɗaya in miƙa ta taga, a duba, a miƙo mini, in ƙara gaba. A wurina, kamar yadda take a wurin yawancin masu mota a nan Arewa, inshora takardar 'yan sanda ce kawai.

Ranar da na gane ba haka abin yake ba, ana yayyafi ne bayan la'asar, muna shiga wani shataletale a Kano. Motar gabana ta tsaya, na taka burki, taya ta ja santsi, sai ji kake ƙum! Na daki bayan wata Camry fara sol. Fitilar baya guda ta tarwatse, bambo ya ɓalle ta gefe yana lilo, but ɗin ya lotsa. Mai motar, wani dattijo, ya fito yana gyara hula, ya zagaya ya duba ɓarnar, sannan ya dube ni ya ce, "Yaro, ba ka gani ne?" Na ce, "Baba, a yi haƙuri, laifina ne." Kafin ka ce kwabo jama'a sun taru, kowa da tasa fatawar. Wannan ya ce tsautsayi ne a yafe, wancan ya ce a'a, a dai kai wa mai gyara. Ƙarshe muka ɗunguma garejin mai bugun bodi, aka aiki yaro Ƙofar Ruwa ya sayo fitila, kuɗin makarantar yara da na ware suka tafi a fenti. Tawa motar kuwa, wata biyu bambonta na ɗaure da waya.

Sai bayan kwana uku wani abokina ma'aikacin banki ya ce da ni, "To inshorarka fa? Ai wannan aikinta ne." Ya karɓi wayata ya danna *565*11#, ya sa lambar motar. Babu ita, babu dalilinta. Takardar da nake ta riritawa a leda ashe wani ne ya buga ta a kwamfutarsa, mutumin nan da nake kai wa kuɗi duk shekara a gindin bishiya ya sabunta mini takardu. Wannan ne ya sa na zauna na koyi abin tun daga tushe, kuma shi ya sa duk wanda ya tambaye ni wacce inshora zai saya, nakan fara ce masa ya duba ko wadda ke hannunsa ma ta gaske ce. Lambar nan da abokina ya danna tana kai ka rumbun bayanan da ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya ke kula da shi, wanda ake kira NIID, kuma ana iya dubawa ta intanet a askniid.org. Abin minti biyu ne.

To, bari mu fara da ƙaramar, wadda ake kira tad fati. Sunan yana nufin mutum na uku. Kai mai mota kai ne na farko, kamfanin inshora na biyu, na uku kuwa shi ne duk wanda tsautsayi ya haɗa ku a hanya: mai Camry, mai tallan lemo a bakin titi, mai shagon da ka rusa wa rumfa. Wannan inshora ba don motarka aka yi ta ba, don su aka yi ta. Ita ce doka ta wajabta, kuma ba yau aka fara ba, tun dokar 1945 ta zamanin Turawa. Abin da ya sauya shi ne farashi da tsananin bincike. Hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara tun daga 1 ga Janairun 2023, sannan 'yan sanda suka ƙaddamar da binciken ta a faɗin ƙasa daga 1 ga Fabrairun 2025. Mutane sun yi ta ƙorafin ninka kuɗin har sau uku, amma kaɗan ne suka lura cewa abin da kamfani zai biya idan ka lalata dukiyar wani shi ma an ninka shi sau uku, daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Idan rai aka rasa ko aka ji wa wani rauni, wannan iyakar ta miliyan 3 ba ta shafe shi ba, ta dukiya ce kaɗai.

Yi lissafi da kanka. Naira 15,000 a shekara ba ta kai naira 42 a rana ba. Da takardata ta gaske ce, kuma na bi ƙa'idar kamfani, gyaran Camry ɗin Baba gaba ɗaya da kamfani ne ya biya shi. Sauran ababen hawa ma kowanne da nasa farashin a wannan sanarwa ta NAICOM: a-daidaita-sahu naira 5,000 da iyakar miliyan 2, babur naira 3,000 da iyakar miliyan 1, manyan motocin dakon kaya naira 100,000 da iyakar miliyan 5. Duk wanda ya ce zai yi maka ta motar gida a dubu biyar ko bakwai, ka san a inda aka buga ta.

Amma tad fati tana da ramuka biyu, kuma manya ne. Na farko, motarka ba ta ciki. Ko da takardata ta gaske ce, bambon nan dai da waya zan ɗaure shi. Idan ka kwanta a kan hanyar Zariya motar ta zama gwangwani, ko ka fito daga masallacin Juma'a ka tarar wurin da ka ajiye ta wayam, ko wayarin ya kama wuta ta ƙone ƙurmus, kamfani zai yi maka jaje ne kawai. Na biyu, miliyan 3 ɗin nan tana da yawa a baki amma ba ta da yawa a titin yau. Tun da aka saki naira a 2023 kayan gyaran mota suka yi tashin gwauron zabi. Ka daki gefen wata sabuwar jif a Abuja, fitila biyu da ƙofa guda sun isa su cinye kuɗin nan su nemi ƙari, kuma ƙarin a wuyanka yake. Akwai kamfanonin da ke yarda su ɗaga maka wannan iyakar idan ka ƙara wani abu a kan kuɗin shekara. Ga mai yawan shiga manyan birane, tambaya ce da ta cancanci a yi.

Sai babbar, wadda ma'aikatan inshora ke kira kwamfirehensif, mu kuma mu ce cikakkiya. Ta haɗa duk abin da tad fati ke yi, sannan ta ɗora da motarka: haɗari, gobara, sata. Ko kai ne da laifi, ko bishiya ka daka babu kowa a wurin, kamfani zai gyara. Ita ba ta da farashi guda, gwargwadon darajar motar ake yanka ta, kuma NAICOM ta ce kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin da aka yi wa motar inshora a kansa, ko bayan an yi ragi. Misali, motar naira miliyan 8 za ta ci aƙalla naira 400,000 a shekara. Ta miliyan 20, miliyan guda cif. A nan ne yawancinmu muke tafa hannu mu ce Allah ya kiyaye, mu tashi. Ban ga laifin kowa ba. Dubu ɗari huɗu albashin wata da watanni ne ga ma'aikaci.

Sai dai sunan nan "cikakkiya" yana yaudara, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Takardar yarjejeniyar tana da sharuɗɗa da ƙananan rubutu, kuma yawancin rigimar da ake yi da kamfanonin inshora daga nan take tasowa.

Akwai abin da ake ce wa kason mai mota. Wato a kowace ɓarna, akwai wani adadi na farko da kai za ka ɗauka, kamfani ya biya abin da ya haura. Saboda haka ƙujewar fenti ko fashewar madubin gefe sau da yawa ba su kai a je a cike fom ba. Tambayi nawa ne wannan kason kafin ka sa hannu, domin kamfanoni sun bambanta.

Akwai kuma dabarar da mutanenmu ke yi suna ganin wayo ne: mota ta kai miliyan 10, sai a ce wa kamfani ta miliyan 5 ce don a biya rabin kuɗi. Ranar da aka sace ta, miliyan 5 ce iyakar abin da za ka gani, ba za ta saya maka irinta ba. Ko ɓarna ce ta miliyan 2, kamfani na iya cewa tunda rabin darajar motar ka yi wa inshora, rabin gyaran zai biya, ka tashi da miliyan 1. Wani ma ba wayo ya yi ba, farashi ne ya gudu ya bar shi: ya yi wa motar kuɗi shekara uku da suka wuce, yana ta sabuntawa a kan tsohon farashi alhali a kasuwa ta ninka. Duk lokacin sabuntawa, leƙa wajen dillalan mota ka ji nawa irin taka take yanzu.

Lalacewa ta tsufa ba ta ciki. Inji ya buga, giya ta ƙi shiga, taya ta suɗe, wannan tsakaninka ne da bakanike. Inshora ta tsautsayi ce, ba ta sabis ba.

Ambaliya da tarzoma su ne suka fi ba mutane mamaki. A yarjejeniyoyi da yawa ba sa cikin ainihin kunshin, sai ka nema an ƙara maka su da ɗan ƙarin kuɗi. Wanda ya ga yadda ruwa ya shanye motoci a Maiduguri a watan Satumban 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ya san wannan ba tambayar wasa ba ce. Idan gidanka a kwari yake, ko garejinka kusa da kogi, kada ka ɗauka an sa, buɗe takardar ka gani da idonka.

Sannan amfanin da kake yi da motar. Ka ce wa kamfani ta gida ce, amma kullum da yamma kana ɗibar fasinja daga Kano zuwa Wudil, ko ka sa ta a manhajar ɗaukar fasinja don rage zafi. Ranar da abu ya faru da fasinja a ciki, kamfani na da hujjar zame jiki, domin motar haya da ta gida ba farashinsu ɗaya ba. Haka idan wanda ke tuƙi ba shi da lasisi. Mu da muke miƙa wa ɗan shekara goma sha shida makulli ya je ya sayo burodi, mu lura.

Tsakanin waɗannan biyun akwai ta uku da ba a cika tallata ta ba: tad fati haɗe da gobara da sata. Ba ta gyara maka mota idan ka yi karo, amma idan an sace ko ta ƙone za a biya ka. Kuɗinta ya fi na ƙaramar, bai kai na babbar ba. Ga wanda yake tuƙi a hankali, yana iya ɗaukar nauyin bugun bodi da fenti, amma yana kwana da fargabar ɓarayi saboda a waje motar ke kwana, wannan ita ce daidai wuyansa.

To wacce za ka ɗauka? Ni a ganina tambayar ba "wacce ta fi kyau" ba ce. Tambayar ita ce: idan gobe da safe motar nan ta zama babu, me zai faru da gidanka? Malamin makaranta mai tsohuwar Golf da ta ga jiya ta ga yau, wadda kowane bakanike a unguwa ya san cikinta kuma kayanta na jibge a Ƙofar Ruwa ko Panteka, bai kamata ya wahalar da kansa da cikakkiya ba. Wasu kamfanonin ma ba sa son karɓar mota mai shekaru da yawa, ko su karɓa da sharaɗin rage kuɗin kayan gyara saboda tsufa. Ya sayi tad fati ta gaske, ya riƙa ajiye wani abu duk wata don ranar gareji. Amma wanda ya tara kuɗin shekara biyar, ko ya sayar da fili, ya sayi 'yar Kwatano ta miliyan goma sha biyar, wanda idan ta tafi ba zai iya maye gurbinta ba nan da shekaru, a wurinsa kashi 5 cikin 100 ba asara ba ce. Haka wanda motar ce jarinsa, da ita yake kai kaya Dawanau ya ci abinci. Wanda kuwa ya ɗauki mota bashi daga banki, ba ma a ba shi zaɓi, bankin ne zai sharɗanta cikakkiya har sai ya gama biya, tunda motar ita ce jinginarsa.

Na san akwai abin da ke cin ran mai karatu tun ɗazu, domin ni ma ya ci nawa: halal ce kuwa? Wannan ba ƙaramin dalili ba ne da ya sa inshora ba ta karɓu a Arewa ba, kuma bai kamata a share shi ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci da aka saba da ita ba ta halatta ba, saboda rashin tabbas da ke cikin cinikin, amma ta halatta inshorar taimakekeniya. A kan wannan tushe takaful ya ginu. A Sudan aka fara kafa kamfaninsa a 1979, a Najeriya kuma NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, yanzu akwai kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful da ke wannan aiki kaɗai. Yadda yake shi ne, kuɗin da ka biya gudummawa ce cikin asusun mahalarta, ba mallakin kamfani ba. Wanda tsautsayi ya faɗa wa, daga asusun za a ɗebo a taimaka masa. Kamfani wakili ne, yana ɗaukar ladan kula da asusun, ana juya kuɗin a harkokin da babu riba ta ruwa, akwai kuma kwamitin malamai da ke sa ido. Idan shekara ta ƙare da rara, ana iya raba wa mahalarta, galibi waɗanda ba su karɓi diyya ba. Idan aka samu giɓi, kamfani ya ranta wa asusun ba tare da ruwa ba.

Abin lura, takaful ba wani nau'i na huɗu ba ne da zai tsaya kusa da waɗancan ukun. Hanya ce ta daban ta sayen su. Akwai tad fati ta takaful, akwai cikakkiya ta takaful, takardar tana shiga rumbun NIID kamar kowacce, ɗan sanda kuma zai karɓe ta. Sharuɗɗan nan na kason mai mota da ambaliya da lasisi duk suna nan, kada sunan Larabci ya sa ka ƙi karanta takarda. Ga wanda batun halacci ne ya hana shi, wannan uzurin dai ya kau.

Saura wurin da al'adarmu da tsarin inshora suke karo, kuma a nan ne ko mai takardar gaske yakan yi asara. Mu mutanen sulhu ne. An yi karo, a taru, a ba da haƙuri, mai laifi ya amsa laifinsa, a tafi gareji, kafin magariba an rabu da musabaha. Abu ne mai kyau, ba na fatan mu rasa shi. Amma kamfanin inshora ba ya biyan abin da bai gani ba. Yarjejeniyar takan ce kada ka ɗauki alhaki ko ka yi alkawarin biya ba da saninsu ba, ka sanar da su da wuri, kuma kada a taɓa motar sai ma'aikacinsu ya zo ya ƙiyasta ɓarnar. Wato abin da na yi da Baba mai Camry, daga "laifina ne" har zuwa aiken yaro kasuwa, da ya isa ya ba kamfani ƙofar fita ko da takardata ta gaske ce. Ba cewa nake ka yi wa dattijo tsaurin ido ba. Ka gaishe shi, ka yi masa sannu, ka tambayi ko wani ya ji ciwo, sannan ka ce, "Baba, ina da inshora, bari in kira su, su za su gyara." Ɗauki hotunan motocin biyu kafin a matsar da su, da lambobinsu, da wurin. Karɓi lambar wayar mutum ɗaya ko biyu da suka gani. Idan ɓarnar babba ce, ko an ji rauni, ko sata ce, rahoton 'yan sanda dole ne. Sai ka haɗa da lasisinka da takardun mota da ƙiyasin mai gyara. Da wahala, da zirga-zirga, ba zan ɓoye ba, kuma wani dattijon ba zai yarda ya bar motarsa mako biyu tana jiran kamfani ba. A ƙaramar ɓarna wataƙila sulhun ya fi sauƙi. A babba, ba a fafe gora ranar tafiya, gara tun yau lambar kamfanin tana cikin wayarka. Idan kuma ka cika duk sharuɗɗa kamfani ya tsaya yi maka yawo da hankali, NAICOM na da sashen karɓar ƙorafi, kuma kamfanoni ba sa son sunansu ya je can.

Wani abu kuma: sai kuɗi sun shiga hannun kamfani inshora take fara aiki. Babu bashi, babu "zan cika gobe." Shi ya sa ya fi kyau ka biya kai tsaye, a ofishinsu ko ta shafinsu ko ta hannun wakili mai rajista, ka karɓi rasit, bayan kwana ɗaya ko biyu ka danna lambar nan ka ga motarka ta fito da sunan kamfanin da ranar ƙarewa.

Masu ƙetare iyaka, 'yan kasuwar da ke bin Jibiya zuwa Maraɗi ko Illela zuwa Ƙonni, akwai katin inshora na ECOWAS mai launin ƙasa-ƙasa da aka tanada tun yarjejeniyar 1982 don haɗarin da ya faru a wata ƙasa ta yankin, kuma sabon farashin 2023 ya haɗa da shi. Sai dai Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, saboda haka kafin ka ɗau hanya ka tambayi kamfaninka abin da ake karɓa a kan iyakar a yanzu, kada ka je ka ji a bakin jandarma.

Ni dai tsohuwar Corolla gare ni, ta haura shekara ashirin da ƙerawa, don haka tad fati na saya, ta takaful, dubu goma sha biyar, na ɗauki hoton takardar na ajiye a waya. Ƙanena da ya sayo tasa bara da kuɗin gadonsa gaba ɗaya, sai da na zaunar da shi muka yi lissafin nan a bayan ambulan. Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, ya ce zai fara da ta gobara da sata, idan kaka ta yi kyau ya koma cikakkiya. Mutumin gindin bishiya kuwa yana nan inda na bar shi da jakarsa, ranar nan na wuce har ya ɗago mini hannu.